Ba Ma Karɓar Hannun Aro

Jiya ruwan sama ya taro shara ya toshe kwatar ƙofar gidana. Ina ɗaukar shebur sai marigayi Baba, wani dattijon tsohuwar unguwarmu, ya faɗo mini a rai.

Shi ne shugaban ƙungiyar aikin gayya ta unguwarmu a Sabon Tasha, shekarar da sojoji suka koma bariki. Ƙa'idarsu ita ce sai wani ɗan ƙungiya ya tsaya maka, sannan ka fito aiki Asabar uku a jere kafin a karɓe ka. Baba ne ya tsaya mini.

A Asabar ta uku za a yashe kwatar da ke tura ruwa ɗakin wata gwauruwa. Ni kuwa sabon ma'aikacin gwamnati, ina ji da kaina, na iso da farar riga da leburori biyu.

Baba na cikin kwata har gwiwa, wando a naɗe, goro a kunci, wari sai tashi yake. Ya dube ni, ya dubi leburorin.

"Ɗana, wane ne cikinsu zai shiga ƙungiyar?"

"Ni ne, Baba. Ai aikin zai fi sauri."

"Ba ma karɓar hannun aro. In ka juya, ni ma na fita, tunda ni na kawo ka."

Ya miƙo mini shebur ɗinsa, ƙotar da ɗumin tafinsa. Na tuɓe takalmi na shiga. Rigar nan ba ta sake yin fari ba, kuma har yau ban yar da ita ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba. Mu da ka bari, kada Allah ya sa hannunmu ya yi ƙyamar laka.