Rabin Tanti

Ni mutum ne mai mantuwa. Na taɓa barin babur ɗina a bakin kasuwa na hau keke na dawo gida, sai da maiɗakina ta tambaye ni ko sayar da shi na yi. Amma akwai abu guda da ko a turmi aka daka kaina ba zai fita ba, shi ne ranar da na sayo rabin tanti ina murna na yi cinikin duniya.

A lokacin muna haya a unguwar Kwamba da ke Suleja, irin gidan nan da in ka yi atishawa a ɗakinka mutum bakwai za su yi maka addu'a. Ɗakin da ke jikin nawa na wani bawan Allah ne da ya zo daga can arewa, yana gadi a wani ofis a Abuja. Ya ɗan girme ni, amma mun shaƙu har ba ma cin tuwo sai tare. Mutum ne mai sanyi, ni kuwa bakina ba ya hutawa, shi ya sa muka dace. Yana da gurmi da ya gada wajen mahaifinsa, a rataye a ƙusa. Ranar Lahadi bayan la'asar yakan sauke shi ya zauna a gindin mangwaron tsakar gida, kuma idan ya buɗe murya har mata sukan bar tuwo ya ƙone. Matsalarsa ɗaya, ƙirji. Shekarun da ya yi yana gadi cikin sanyi sun bar masa tari, da damina ta kama sai ya riƙa numfashi kamar tsohon injin markaɗe.

Wata rana wani ɗan gidanmu ya ɗauke shi a waya yana waƙa, ya saka a intanet. Ba a yi wata ba sai ga wasu samari da 'yan mata sun zo har Kwamba suna nemansa. Suka ce suna shirya bikin kiɗa na kwana uku a wani fili can bayan Abuja, na zamani da na gargajiya, suna so ya hau dandamali da safiyar rana ta biyu. Sai dai wurin da nisa da gari, kowa da tantinsa zai zo ya kafa ya kwana. Mutumin da ya haura hamsin bai taɓa riƙe makirufo ba, sai ga shi an zo gayyatarsa da mota. Bayan sun tafi ya daɗe zaune yana shafa fatar gurmin. Daga ranar ya fara haɗa wata sabuwar waƙa a kan masu fita aiki Abuja tun asuba. Ko ni bai bari na ji ta duka ba, ya ce sai a can.

Matarsa ce ta yi sallama a ƙofata, ta kwance bakin zane ta miƙo mini abin da ta tara. Ta ce, "Malam, ga amana. Ka san ƙirjinsa, kuma damina ce. Ka samo masa wanda ruwa ba ya shiga." Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, ta kawo aiki inda ya dace. Ai a unguwar Sarkin Ciniki ake ce mini. Ni ne wanda mai tumatir ke ƙara wa gyara ba don ƙauna ba, sai don in tafi ya samu ya sha iska.

Ni da abokin nawa muka fara da wani babban kanti a Abuja. Da na ga kuɗin da aka liƙa wa sabon tanti, sai na tambayi mai kantin ko har da takardar fili ake bayarwa. Bai yi dariya ba, muka fito. Muka je unguwar Wambai wajen masu hayar rumfar biki, suka nuna mana kanofi ba bango ba ƙofa, wai sai mun haɗa da kujeru. Na ce kwana za mu yi, ba ɗaurin aure ba. Mai tamfol kuma ya ce zai yanka mana, amma sanduna da igiya mu san inda za mu samo. Kwana uku muna yawo, takalmina har ya fara magana. Daga ƙarshe wani mai ɗinkin jaka ya ce mu shiga layin 'yan gwanjo a babbar kasuwar Suleja, akwai wata Madam 'yar kudu da ke kwance dilar jakunkuna da barguna, wani lokaci tanti kan faɗo a ciki.

Madam mace ce mai fara'a, Hausarta a karye amma ana ganewa tsaf. A wurinta muka samu tocila da 'yar katifar soso, da wani bargo mai zif da ake shiga ciki kamar buhu. Abokina ya juya shi ya juya, ya ce shi da ransa da lafiyarsa ba zai shiga buhu a zuge shi ba. Muka yi dariya har Madam ta riƙe ciki, amma muka saya.

Sai ta jawo ƙunshi biyu. Na farko tanti ne ruwan toka, da sandunansa cif, samansa raga ce kamar gidan sauro. Na biyu wani koren yadi ne mai santsi, ba sanda ba ƙofa. Su 'yan gwanjo yadda kaya suka fito daga dila a warwatse haka suke sa wa kowanne kuɗinsa, don haka ta faɗi na wannan daban, na wancan daban. Ni kuwa nan take kaina ya ba ni cewa dabara ce, ana so a haɗa mini da abin da ya ƙi sayuwa.

Ta ce, "Oga, wannan kore shi ne na ruwa. Su biyu miji da mata ne, ba a raba su."

Na ce, "Madam, mu ba aure muka zo ɗaurawa ba. Tanti ɗaya muke so."

Ta sake yi mini bayani, har ta ɗora koren a kan hannunta tana nuna yadda ake lulluɓawa. Ban saurara ba, don ni a ka'idata duk abin da mai kaya ya faɗa ana cikin ciniki, tallarsa yake yi. Abokina ya matso ya ce a hankali, "Ko mu haɗa da shi?" Na taka masa ƙafa. Na taya, ta ce albarka, na juya na yi tafiyar nan ta masu ciniki, taku ɗaya, biyu, uku, kunnena a baya. A na biyar ta kira ni. Ta naɗe mana mai ruwan tokar tana girgiza kai, ta mayar da koren ta rataye. Da abin da ya rage na sayo wata kujera mai naɗewa, na ce mawaƙi guda ba zai zauna a ƙasa kamar mai jiran awo ba.

Da yamma muka kafa shi a tsakar gida don gwaji, duk gidan aka fito kallo. Na kwanta a ciki ina hango sama ta cikin raga, na ce ga iska kyauta, wannan ai da na'urar sanyaya ɗaki ya zo. Matar abokina ta leƙo, ta sa yatsa ta taɓa ragar, ta tambaye ni ko ruwa ba zai bi ta nan ba. Na ce ramukan sun yi ƙanƙanta, waɗanda suka ƙera shi ƙasarsu kullum ruwa ake yi, sun fi mu sani. Ban san haka ba. Bakina ne kawai ya faɗa, kamar yadda ya saba. Ta ce to, ta koma ɗaki. Wannan "to" ɗin har yau ina jin sa.

Ranar farko ta biki muka isa da hantsi. Fili ya cika da tantuna kala-kala, ga kiɗa na tashi, ga masu tsire da masu masara. Ina cikin kafa namu na ɗaga kai na duba na maƙwabta. Kowanne da lulluɓi mai santsi a kansa, babu wanda ragarsa ke waje sai namu. Nan na tuna koren yadin Madam. A lokacin rana na tsaka, da na hau mota na koma Suleja da na dawo kafin magariba. Amma sai na ce a raina sama garau take, kuma wa zai je ya tsaya gaban Madam ya ce ta fi shi gaskiya? Na ja bakina na yi shiru, karo na farko a rayuwata, kuma a inda bai kamata ba.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin a kashe na'urori iska ta taso, kowa ya ruga tantinsa, mu ma muka shige namu. Ruwan bai ko yi sallama ba. Ya riƙa zubowa ta ragar nan kamar ana tace koko. Abokina bai kalli kansa ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe gurmin, ya cusa shi cikin bargon nan mai zif da ya rantse ba zai shiga ba, ya zuge, ya duƙa a kai ya rufe da jikinsa, domin fatar gurmi in ta jiƙe ta saki, kuma sautinta ya mutu. Ni kuwa na buɗe kujerar da na saya na riƙe a kansa kamar lema. Ruwa na bin gwiwar hannuna yana sauka a bayansa.

Ya ɗago, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Sarkin Ciniki, ashe na'urar taka har da wurin wanka." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa.

Sai da ruwan ya ɗan tsagaita wasu samari a tantin kusa suka hango halin da muke ciki, suka ja mu zuwa nasu, suka ba shi busasshiyar riga da shayi mai zafi. Allah Ya saka musu. Amma sanyin ya riga ya shiga inda zai shiga.

Da safe aka kira shi. Ya hau dandamali jikinsa da zafi, ya zauna a kan kujerar nan tawa. Ya taɓa gurmin, sautin ya fito tas, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ya kai baki ga makirufo, ya buɗe, sai iska. Ya gyara murya ya sake, iska. Ina tsaye a ƙasa ina ji kamar in tsaga ƙasar in shige. Sai ya rufe ido ya ci gaba da kiɗa kawai, ya kaɗa waƙar tun daga farko har ƙarshe, leɓɓansa na motsi ba mai jin komai. Jama'a suka yi ta tafi, sun ɗauka haka salon yake. Da ya sauko ya raɗa mini cewa gurmin dai bai ba shi kunya ba.

A ranar muka dawo gida, washegari aka kwantar da shi a asibiti, aka ce sanyi ya kama huhunsa. Ina zuwa kullum, ina ba shi labaran ƙarya don ya yi murmushi. Wata rana da matarsa ta fita ɗebo ruwa na kasa daurewa, na faɗa masa gaskiya, cewa Madam ta yi gargaɗi, kuma na gane kuskurena tun da rana a filin amma na yi shiru. Ya dube ni ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Ai na gane tun a kasuwa. Na ga kana jin daɗin cinikinka ne, ban so in kunyata ka a gaban mutane ba."

Ya yi mini kara, ni ban yi wa ƙirjinsa ba. Kafin damina ta ɗauke Allah Ya karɓi abinsa. Na sani kwana ne ya ƙare, malamai sun faɗa mini, matarsa ma haka ta ce da na je gaisuwa, ba ta taɓa ɗaga mini maganar raga ba. Da ta gama takaba za ta koma garinsu, ta tafi da gurmin, ta ajiye tantin a ƙofar ɗakina. Ta ce in riƙe, ita ba za ta iya kallonsa ba. Waƙar kuwa ta tafi da mai ita, ba wanda ya san baitocinta duka.

Da wata daminar ta zagayo na koma layin 'yan gwanjo. Koren yadin na nan a rataye inda ta maida shi, ya yi ƙura, don ba mai sayen rabin abu sai irina. Madam ta gane ni, ta tambaye ni ina abokina mai tsoron buhu. Na faɗa mata. Ta nemi benci ta zauna. Na ce ta sauko mini da shi. Ta ce in ɗauka kawai, na ƙi, na ajiye mata abin da ta faɗa tun ranar farko, ban taya ba.

Da yammar ranar aka yi hadari. Na kafa tantin a gindin mangwaro, na lulluɓa masa koren, na shiga na zauna ni kaɗai. Aka yi ruwa kamar za a tafi da Kwamba. Ko ɗigo ɗaya bai shigo ba. Ban taɓa zama a wuri busasshe da ya yi mini ciwo kamar wannan ba.

Har yanzu ina barkwanci, hali ne, ba ya fita. Ina kuma taya tumatir. Amma na koyi cewa in aka damƙa maka lafiyar wani, ba wurin nuna gwaninta ba ne. In mai kaya ya ce maka abu kaza amfaninsa kaza, ka rufe baki ka ji tukuna. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, in kuma ka gane ka yi kuskure ka koma tun rana na sama. Sannan in mutum mai kawaici ya matso ya ce maka a hankali, "Ko mu haɗa da shi?", kada ka taka masa ƙafa.