Tambarin Gindin Butar Kakana

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Asabar aka sauko da butar kakana daga rufin ɗakin marigayi mahaifina a Umbadda, wata unguwa ta birnin Umdurman, tsallaken kogi daga Khartoum. Mu huɗu ne a wurin: ni, da matata, da maginin da na ɗauko ya gyara inda ruwan sama ya ɓula, da Gwaggo, yayar mahaifina. Gwaggo tana kwance a gadon igiya ƙarƙashin rumfa, don tun bayan babbar sallah ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Maginin ya zaro wani ƙunshin buhu daga tsakanin azara, ya miƙo min. Buta ce ta tagulla, ta yi baƙi ƙirin. Gwaggo ta ce a kawo mata. Ta shafa bakin butar da yatsa, sannan ta ce, "Ta babanmu ce. Na ɗauka ta ɓata tun tasowarmu daga tsohon gida."

Kakana ya fito daga yamma a ƙasa da niyyar aikin hajji, ya tsaya Umdurman neman guzuri, ya yi aure, ya rasu Gwaggo tana da shekara huɗu, mahaifina yana goye. Kakata a hanya aka haife ta, ba ta riƙe sunan garin mijinta ba. Don haka duk wanda ya tambaye mu asali, sai mu ce yamma, mu yi shiru.

Na kifa butar. A gindinta akwai tambarin maƙeri: da'ira, ɗigo uku a cikinta, sai wani zane a ƙasa mai kama da sawun tsuntsu, ko kuwa bishiyar dabino. Dauɗa ta cika shi, ban tantance ba. Gwaggo ta ce, "Ɗana, kowane maƙeri da garinsa. Ka nemo min. Kada in tafi ban san garin ubana ba."

A nan na yi kuskure. A gidanmu ba a fita da kaya mai datti gaban mutane. Na ji kunyar kai wa manya buta baƙa, sai na zauna bayan azahar da toka da lemun tsami da rairayi, na dirje ta har ta ɗauki ido. Matata ta ce, "Malam, ka bi gindin a hankali." Na ce mata na san abin da nake yi.

Ranar Lahadi na tafi Kasuwar Umdurman, layin maƙera. Aka nuna min wani tsohon usta, wato babban maƙeri, ɗan mutanenmu, wanda ya fi kowa daɗewa a layin. Ya juya butar, ya kawo ta kusa da ido, ya dube ni.

"Wa ya wanke ta?"

"Ni ne, Baba."

"Da me?"

Na lissafa masa. Da na zo kan rairayi sai ya ajiye gudumarsa, ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira: "Zo ka ga mai tsafta! Shekara da shekaru tana zaune lafiya da dauɗarta, shi ya gama da ita a yini ɗaya." Maƙwabcin ya leƙo, ya ce, "Da ka ƙara ƙoƙari kaɗan, ya ustaz, da ka kawo mana rariya."

Ban yi dariya ba. Shi ma tsohon bai ja maganar ba. Ya kwaɓa baƙin tukunya da ɗigon mai, ya shafa a gindin, ya danna farar takarda a kai. Da'irar ta fito, ɗigo uku suka fito. Ƙasan kuwa fili ne. Ya ce tagullar wurin ta riga ta cinye, dauɗar ce kawai ke riƙe da zanen. Ya ce ba aikin Umdurman ba ne, don su nan liƙa gindi suke yi, wannan kuwa naɗe shi aka yi da guduma, aikin yamma. Da'ira da ɗigo, in ji shi, gidaje da yawa suna yi. Zanen ƙasan ne ke raba wani gida da wani.

Ranar Talata na haye gada zuwa Khartoum, wurin ɗaliban Nijeriya da Nijar da ke karatun addini. A bakin gada soja ya sauke mu daga mota, ya zazzage jakata, ya ƙwanƙwasa butar ya leƙa cikinta, ya mayar min. Ɗalibai bakwai suka duba takardar. Ɗaya ya ce kamar ya taɓa gani a gidan kakarsa, wani ya ce a'a, nasu ɗigo huɗu ne, kowa yana ambaton garinsu. Suka tambaye ni zanen ƙasan. Na zana musu sawun tsuntsu, na zana dabino, na kasa rantsewa a kan ko ɗaya.

A hanyar komawa na yi tunanin in zaɓi gari ɗaya cikin waɗanda suka ambata in faɗa wa Gwaggo. Da ta karɓa, da ta yi murna. Amma da na durƙusa gefen gadonta ta ce, "Wane gari?" sai na faɗa mata komai bi da bi, har rairayin. Ta ce, "Halin ubanka ka ɗauko, shi ma wanki ya hana shi zama. To, ka ci gaba da tambaya." Ta sa aka zuba ruwa a butar, matata ta yi mata alwala da ita. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ta rasu, ba ta sani ba.

Takardar tana nan cikin akwatina, butar kuma ban ƙara wanke ta ba.

Kai mai karatu, in akwai tsohuwar butar tagulla a gidanku, ina roƙonka ka kifa ta ka duba. Kada ka dirje ta. In ka ga da'ira da ɗigo uku, ka zana abin da ke ƙasansu a takarda, ka rubuta sunan garinku, ka ba wani mai zuwa Umdurman ya kai layin maƙera. Sun san mutumin da ya wanke buta da rairayi, za su kawo min.