Asabar ɗin da Wendell Yake Ganin Ƙanensa

Wendell Sorby maƙwabcina ne a wurin ajiye motoci na bayan filin wasan Jami'ar Tilden. Duk Asabar ɗin da muke da ƙwallo a gida, a-kori-kurarsa tana gefen tawa, mu sauke murhu mu yi ta gasa nama da masara tun hantsi. Tsohon makanikin tarakta ne, kuma ban taɓa ganin mai rowar magana irinsa ba. Sai ka zuba masa gaisuwa ya bi ka da ɗaga kai.

Yana da ƙane, Lyle, a garin Ossian da ke tsallaken kogi. Tun da suka yi rigima a kan gonar mahaifinsu ba sa ga-maciji da juna. Ba waya, ba ziyara, ko da Kirsimeti. Amma duk kaka akwai wasan Tilden da Ossian, kuma a wajenmu masu gida ne suke ciyar da baƙi. Ko ka tsani mutum, in ya tsaya a murhunka da koriyar rigar Ossian, dole ka miƙa masa faranti, sannan ka zage shi son ranka. A nan kaɗai 'yan'uwan suke haɗuwa.

"Har yanzu ƙona nama kake yi, tsoho?" in ji Lyle.

"Ci ka ƙoshi. Yau da kuka za ka koma gida."

Hirar ba ta wuce zagin 'yan wasa da kociya. Ni da nake gefe ina ganin yadda Wendell yake ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, kamar mai duba saniyar da zai saya. Bara kuwa Lyle da sanda ya zo, wando yana zame masa, naman ma ya kasa cinyewa. Wendell bai tambaye shi komai ba.

Da bazara aka ba da sanarwa cewa rukunin gasarmu zai karɓi sababbin jami'o'i daga can kudu, wai masu talabijin suna son ƙarin 'yan kallo. Gari ya ɗauki zafi. A gidan shan kofi kowa da abin da yake faɗa.

"Ɗaya daga cikinsu fa ko sakandaren garin nan sai ta lallasa ta," in ji wani manomi.

"'Yan wasansu ba su san dusar ƙanƙara ba. Da bargo za su shigo fili."

Dariya muke, amma a tsorace muke. In ragwaye suka cika rukunin, manyan jami'o'i za su tattara su gudu, a bar mu muna kokawa da wanda ba a san sunansa ba. Ni ma na zuba nawa har muryata ta dushe. Wendell kuwa kofinsa ya huce a gabansa. Sai da muka fito ya tare ni a bakin mota.

"Arlene, in ƙungiyoyi sun yi yawa, ba kowa zai buga da kowa duk shekara ba, ko?"

Sai na gane. Mu muna kukan mutuncin Tilden, shi ƙanensa yake tunani. Da aka fitar da tsarin wasanni, abin da yake gudu ne ya faru: babu Ossian bana, babu baɗi.

"Ka buga masa waya mana," na ce.

"In ce masa me? Ba mu da wasa."

"Ka ce yaya jiki."

"Sai ya ajiye wayar. Kin san shi."

Na san su dukansu, taurin kai a jininsu yake. Daga nan Wendell ya fara ramewa. Ya koma sauraron sanarwar rasuwa a rediyo kowace safiya. Wata rana ina gidansa waya ta yi ƙara, ya tsaya yana kallonta har ta katse. Ya ce mini tsoro yake kada ya ɗauka ya ji muryar matar Lyle.

Asabar ɗin da a da ta Ossian ce ta zo, aka turo mana ɗaya daga cikin ragwayen. Mutane suna ta yi wa baƙin ba'a. Wendell ya sauke murhu, ya kasa kunna ashana. Can ya mayar da murhun cikin mota.

"Su ma Ossian yau gida suke," ya ce. "Ba zan iya tuƙi ba."

Na ɗauke shi a motata, muka nufi Ossian. Tun da muka hau gada nake ta addu'a a zuci kada mu tarar da wurin Lyle babu kowa. Muka shiga cikin masu korayen riguna, mu da jajayen rigunanmu na Tilden, ana yi mana ihu. Motar Lyle tana nan. Matarsa ce a kan murhu, shi kuwa yana kan kujera, an lulluɓe shi, da robar iskar numfashi a hanci.

Ya daɗe yana kallon yayansa. "Ɓatan hanya ka yi, tsoho? Wasanmu ba da ku ba ne."

Wendell ya matsa kusa da kujerar. Da ƙyar ya ce, "Na ji ku ma an turo muku ragwaye. Zuwa na yi in ga sun lallasa ku."

Lyle ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce wa matarsa ta ba baƙo faranti.

"Baɗi ma ba mu da wasa da ku," in ji Lyle.

"Na sani."

"To mako mai zuwa ma gida muke. Ka zo. Na bayansa ban yi maka alkawari ba."