Kazar da Aka Sa wa Ƙwan Zabi

Lokacin da ɗana Ishaku ya cika shekara uku bai taɓa cewa ko "Mama" ba, na rasa inda zan sa kaina. Likita ya duba kunnensa ya ce lafiya lau, mu dai ci gaba da yi masa magana. Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da gajen haƙuri. A cikin wannan damuwa ce Kaka Saratu, mahaifiyar babana, ta riƙa faɗo mini a rai, alhali ta daɗe da rasuwa.

A unguwar Kambarawa muka tashi, mu kaɗai ne Kirista a layinmu. Kaka ta baro ƙauyensu na wajen Malumfashi ta dawo wurinmu, amma ta ƙi risho ƙememe, wai tuwonsa ba shi da ɗanɗano. Don haka kullum akwai murhu a tsakar gida. In an ci tuwo sai ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kewaye ta, ni ina tonowa tun ba ta gasu ba. 'Ya'yan Hajiya maƙwabciyarmu ma da sun idar da salla sai ka ji sallamarsu. In za ta fara tatsuniya, Kaka takan ce, "Ga ta nan ta iso, ku matsa mata ta zamna." Mu kuwa har matsawar muke yi, muna dariya.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta baƙar kaza. Wata tsohuwa ce ta tsinci ƙwan zabi a gona, ta sa wa kazarta, kamar yadda ake yi a ƙauye. Kazar ba ta san an yi haka ba. Ita da wasu kaji biyu suka fara kwanci rana ɗaya. Da mako uku ya cika, biyun suka ƙyanƙyashe, suka shiga zagaya gida da 'yan tsakinsu ana taƙama. Baƙar kaza shiru. Zakara ya leƙa akurki ya ce, "Tashi, baiwar Allah, baragurbi kike ɗumamawa!" Kaka har wuya take miƙewa in tana kwaikwayonsa. Kazar ta rame, ta yi kuka, amma kullum sai ta juya ƙwanta ta sake kwanciya. Ashe ƙwan zabi mako huɗu yake so. Ran da suka fito, 'yan mitsi-mitsi masu zane a ka, gudu suke kamar an kunna su.

Wata rana na katse ta. "Kaka, ya aka yi ta san ba su lalace ba?"

"Ke da azarɓaɓi! Ba ta sani ba hwa, ɗiyata. Da ta sani, ina bangaskiyar take? Nata ɗumi ne. Ranar hitowa kuwa ta Ubangiji ce, kuma bai taɓa makara ba."

A lokacin gyaɗa ce a gabana. Sai da na ga sa'o'in Ishaku suna rera waƙa a makarantar Lahadi, nawa yana nuni da yatsa, na gane zafin wannan mako na huɗu. Na yi kuka, na yi wa Allah ƙorafi baki da baki. Amma da safe sai in goya shi, in gaya masa sunan duk abin da muka gani a hanyar kasuwa, ko da bai amsa ba.

Saura kaɗan ya cika huɗu, ranar wata Lahadi, muka zauna cin abincin rana. Maigidana ya fara addu'a, shi kuwa in ya fara sai ya zagaya dangi kaf. Yana cikin ambaton marasa lafiya, wata 'yar murya ta ce da ƙarfi, "Amin! Tuwo!"

Maigidana bai ƙarasa ba. Muka yi ta dariya da hawaye, har Ishaku ya tsorata ya ɓoye fuska a zanena.

Ban zama mai haƙuri ba har yau, kada in yi ƙarya. Abin da na koya shi ne in yi nawa, in bar wa Allah ranar. Yanzu Ishaku yana aji biyar, kuma kowane zango malaminsa sai ya kira ni ya ce yaron ya cika surutu. Nakan ɗaure fuska in ce zan yi masa faɗa. Ban taɓa yi ba.