Turmi a Kan Akwatin Ɓeraye

Ko da zan manta komai na zamanmu a ƙasar waje, a titin Grand Concourse, ba zan manta ranar da ɓerayena suka fito da gashi ba.

Autata ce ta bar min su da za ta tafi jami'a, mace fara fat mai jan ido, namiji baƙi wuluk, a cikin akwatin gilashi. Da farko ko kallonsu ba na yi. Ni da na taso ina bin ɓera da muciya! Amma maigida yana fita tasi tun safe, ni kuma ba mai yawo ba ce. Kafin in ankara, ina yanka albasa ina ba su labari.

Da farar ta haihu, na ware namijin kamar yadda auta ta koya min. 'Ya'yan jajaye ne, ba gashi. Ni a raina, wasu za su biyo uwa, wasu uba. Da gashin ya tsiro, sai ga su duka ruwan ƙasa, sak ɓerayen bangon nan da muke ɗana wa tarko a bayan firji.

Maigida ya leƙa, ya ja da baya. “Hajiya, ɓeran bango ya shiga wajen amaryarki. Cuta za su kawo mana. Yau duk za su bar gidan nan.”

Na ce, “Haba Alhaji, ta ina? Wuni nake a gabansu.”

“To fari da baƙi ne za su haifi wannan?”

Na kira auta a waya. Ina Hausa tana Turanci, da ƙyar na tsinci zancen. Wai farin nan ba launinta ba ne, rufi ne, kamar bangon da aka shafe da farar ƙasa. Launin kakanninta yana nan a ƙarƙashi, haɗuwa da baƙin ce ta fito da shi. Maigida ya ce shi bai yarda da karatun waya ba.

Na roƙi alfarma ɗaya: a bari ta sake haihuwa mu gani. Bayan yaye muka mayar da namijin, maigida da hannunsa ya ɗora turmin dakan yajina a kan murfin akwatin, don kada ɓeran bango ya samu shiga. Makonni ina daka a gidan maƙwabciya, ina fatan kada a fitar da ɓerayen, don na san in suka tafi falon nan zai koma shiru.

Ta sake haihuwa, gashi ya fito: ruwan ƙasa, kamar na farko. Maigida ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke turmin ya ce, “A ba amarya haƙuri, na yi mata ƙazafi.” Washegari ya dawo daga kantunan Fordham Road da akwati na biyu.

Tun daga nan na daina yanke hukunci da kamanni. Idan na ji ana ƙus-ƙus wai jaririn wance bai yi kama da ubansa ba, nakan ce su yi shiru, ba su ga kakanninsa ba.