Ranar da Na Ɗura wa 'Yata Manja Saboda Wata Shuka Mai Ƙaya

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Ain Khaled, can ƙasar waje, tsakar gida ɗaya da wani maƙwabci ɗan Najeriya mai bincike kan tsirran hamada. Ya jera tukwanen shuka a jikin katanga. Cikinsu akwai wata gajeriya, curi-curi kamar an tsayar da kokwamba an soka musu allurai. Ranar da na fara ganinta na ce a raina, wannan tinya ce.

Ni kuwa na san tinya. Muna yara a ƙauye yayana ya sari wadda ke shingen gona, farin ruwanta ya fantsamar masa a fuska. A gabana aka yi. Har yau da ido ɗaya yake gani.

Wata rana da la'asar ina wanke-wanke, sai na ji shirun ya yi yawa. 'Yata lokacin shekararta biyu da rabi. Na leƙa, sai ga ta tsugune gaban tukunyar nan, baki jajir, hannu jajir, tana ta tauna. Ta tsinke 'ya'yan shukar ta ci.

Na suri yarinya na sa yatsa ina ƙwaƙule mata baki, na kira mahaifiyata a waya ina ihu, "Umma, ta ci tinya!"

"Innalillahi! Ke, maza ɗura mata manja, kar ki tsaya!"

Ina da kwalba ɗaya da na taho da ita daga gida, ina ta lallaɓa ta. Na matse yarinya na ɗura. Ta sheƙo amai ja, ni da na ba ta manja da hannuna na ce jini ne. Na fita a guje ba takalmi, ba mayafi, ina dukan ƙofar maƙwabcin nan.

Ya fito ya dubi bakin yarinya, ya dubi tukunyar, ya dafe kai ya ce, "Innalillahi!"

Nan na ce shi ke nan. Tunda mai ilimin abin ya yi salati, 'yata ta tafi. Na zube a ƙasa ina rungume da ita, ina leƙa idanunta.

"Hajiya, tsaya, tsaya! Ba guba ba ce!" Ya ɗauki guntun da ta yar ya jefa a baki ya tauna. Ya kawo wuƙa ya ɗan tsaga jikin shukar. "Duba, ina farin ruwa? Tinya tamu ce ta Afirka. Wannan kaktus ce, daga hamadar Meziko da kudu maso yammacin Amurka. Can suna kiranta da sunan bushiya saboda ƙayar. 'Ya'yanta idan sun nuna ƙayarsu zubewa take, mutanen can ci suke yi."

"To Malam, salatin me ka yi?"

Ashe shekara uku yana jira ta yi fure. Da ta yi, da ɗan burushi ya riƙa ɗibar garin fure daga wannan zuwa wancan don ya samu iri. 'Ya'ya huɗu ta yi, 'yata ta cinye uku da rabi, shi ya ƙarasa.

Duk da haka ban yarda ba sai da ya kai mu asibiti. Likita ta cire mata ƙaya biyu a yatsa, ta ce lafiyarta ƙalau, sannan ta tambaya wa ya ba yarinya mai haka. Na sunkuyar da kai.

Yanzu labarin dariya ne a gidanmu, ni ma ina taya su. Na gane cewa tsoron da na taho da shi daga ƙauye ne ya kusa shaƙe min 'ya, ba shukar ba. Amma har yau idan na ga bakin yaro ja, gabana sai ya faɗi.

Da na je gida na ba yayana labarin, kowa na ƙyalƙyala ban da shi. Ya jawo yarinyar, ya daɗe yana duba idanunta biyu, sannan ya ce da ni, "Ko gobe aka sake, ki yi irin wannan gudun."