Shafqat Sahib da Shirin da Aka Goge

Shekarar da kogin Ravi ya cika ya batse har ya kwashe ƙauyenmu, a shekarar na shigo Lahore da riga ɗaya, a shekarar kuma na san ka. Yau shekara hamsin da biyu ke nan. Ranar Talata, huɗu ga Nuwamba, bayan azahar, ɗanka Tanwir ya aiko mini cewa Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni Mehr Din, mai buga ƙararrawa, ban taɓa zama a aji ba. 'Yata ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Shafqat Sahib, a ƙofar gidan talabijin ka tsince ni ina neman dako. Ka ce, "Kai baƙauye, ka iya ƙirga?" Na ce, "Da carbi dai, Sahib." Ka ce, "To ka fi rabin ma'aikatanmu. Biyo ni."

Agogon da ake gani a shirinka na kacici-kacici, Amsa Kafin Ƙararrawa, na kwali ne. Ni ne agogon. Ina tsugune bayan labule, kana jefa tambaya sai in fara jan carbi, in na kai talatin da uku in buga. Amma idan talaka ya daburce, sai ka sosa kunne. Ina ganin haka sai yatsuna su yi nauyi. Mutum nawa suka ci fanka da keken ɗinki albarkacin kunnenka, ba su sani ba har suka mutu.

Dokokinka kuwa, mai ji sai ya ce wasa ne. Ba a shiga da fararen kaya, domin kamara ba ta jure fari. Shiri uku muke ɗauka a yini, saboda haka kowa ya zo da riga uku, ya canza a bayan gida, ya fito yana cewa "makon jiya" alhali ko shayinsa bai huce ba. Wanda ya ci sai ya rantse ba zai faɗa wa ko matarsa ba sai an nuna shirin.

Ban manta da Master Inayat ba, malamin firamare daga Okara, da ya zo da farar rigarsa tilo. Doka ta ce ya koma gida. Ka sa aka tsoma rigar a tukunyar shayin ma'aikata, muka busar da ita a jikin fitilar ɗaukar hoto. Ya shiga yana ƙamshin madara. Ka ce masa, "Master Sahib, ko ba ka ci ba, ƙudajen Lahore sun zaɓe ka." Ya ci kuwa.

Ga abin da ke cin raina. Kaset ɗaya tal muke da shi, mai faɗin faranti. Ana gama nuna shiri ukun da ke ciki, sai a goge a ɗora na gaba a kansa. Shekara tara muna yi, ko minti ɗaya bai saura ba. Shirin ya koma cikin kai biyu, naka da nawa. Duk Juma'a nakan zo gidanka in kawo sunaye da garuruwa, kai kuma ka kawo tambayoyin. Ka sha cewa za ka rubuta. Hannunka ya shanye kafin ka fara.

Jiya na je gidan talabijin, na roƙi su sanar da rasuwarka, ko da jimla ɗaya. Wani jami'i ya danna kwamfuta ya ce, "Baba, babu shiri mai wannan suna. Ko dai a rediyo ne?" Na ce, "Ɗana, ubanka ya tafa mana." Ya ce in kawo shaida. Shaidar tawa ranar Talata muka binne ta. A hanyar dawowa na nemi sunan matar da ta ci a shiri na shida, wadda ta zo da goyo daga Sialkot, na rasa. Da can kai nake tambaya.

Allah ya jiƙanka, Sahib. Yadda ka jinkirta wa bayinsa, ya sassauta maka tambayar kabari. Allah ya bai wa matarka Begum Nasrin haƙuri, da Tanwir da ƙannensa, da mu da ba a lissafa mu cikin dangi.

'Ya'yana sun ce in haƙura, ba wanda zai saurara. Na sani. Duk da haka gobe bayan asuba zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan talabijin, in fara daga shiri na ɗaya, da ƙarfi, suna bayan suna. Inda na manta, zan yi shiru, in wuce.